Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Neman Makaranta

Makon jiya na tsaya a inda aka sallamo mu daga asibiti bayan sanƙarau ya saki yarinyar. 'Yar fari ce, ku yi mini uzuri, ba zan kama sunanta ba. Wuya ya saki, zazzaɓi ya sauka, muka dawo ƙauye ana ta barka. Sai da aka kwana biyu muka lura in an kira ta daga baya ba ta waiwayowa. Inna, mahaifiyar maigidana Malam, ta ce jinya ce ta sa mata miskilanci. Ranar da langa ta suɓuce mini a bayanta, kaji suka watse, ita ko gezau, ranar na san ba miskilanci ba ne.

A Asibitin Malam Aminu Kano aka yi mata gwajin ji. Likitan ya ce ciwon ya lalata cikin kunnen duka biyu, sanƙarau yakan bar wannan tabo, kuma na'urar da ake maƙalawa a kunne ba za ta yi mata amfani ba. Akwai aikin da ake dasa wata na'ura, amma kuɗinsa miliyoyi ne. Malam ya sunkuyar da kai, domin mu gero da gyaɗa muke nomawa. Abin da na riƙe a maganar likitan shi ne: ku sa ta makaranta da wuri, kafin maganar da ke bakinta ta gudu. Shekararta biyar a lokacin, bakinta tar, har waƙar gaɗa take yi. Kafin shekara biyu kalmomin sun soma karkacewa, ni kaɗai nake gane su.

A 2019 gwamnatin Kano ta ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole. Rediyo ta yi ta faɗa, mai unguwa ya sa aka yi shela. Na yi mata wanka da kitso, na nemi izinin Malam, na kama hannunta muka tafi firamaren garinmu.

Hedimastan bai kore mu ba, in faɗi gaskiya. Ya rubuta sunanta a rajista, ya rufe, sannan ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, na rubuta ta. Amma wa zai koya mata?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ku ne malaman."

Ya kai ni bakin aji ɗaya na leƙa. Yara maƙil a zaune a ƙasa har bakin ƙofa, malami ɗaya. Shi ya faɗa, su amsa, ya sake faɗa, su sake amsawa. Karatun aji ɗaya duk na kunne ne. Ita kuwa sai ta zauna tana bin bakunan yara da kallo, in sun buɗe ta buɗe, in sun rufe ta rufe. Watarana ta dawo da shatin bulala a hannu, wai an kira suna ba ta amsa ba. Watarana kuma yara suka tare ta a hanya, kowa ya sa ganye a baki yana tauna, irin tsokanar da ake yi wa kurame. Ta shigo gida ta shige bayan rumbu. Washegari na ɗauko kayan makarantar, ta fizge ta jefa su cikin kwatami. Ban dake ta ba.

Ƙanena yana karatu a Kwalejin Ilimi ta Bichi a lokacin. Da ya zo hutu na ba shi labari, ya ce, "Yaya, ai akwai doka." Ya buɗe waya yana karantawa yana mayar mini da Hausa. A watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. A cikinta an ce karatunsu kyauta ne har sakandare. An ce makarantun gwamnati su zama na kowa da kowa, a samu wanda aka horar don irin waɗannan yara, a koyar da maganar hannu. An ce asibitin gwamnati ya tanadi hanyar fahimtar mara lafiyar da ba ya ji ko ba ya magana. Wanda ya nuna wariya, tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, in kamfani ne miliyan ɗaya. Tun 2004 ma, in ji shi, doka ta ce karatun shekara tara haƙƙin kowane yaro ne.

Na yi dariya har ya ji haushi. Na ce, wa zan kai ƙara? Hedimastan da ke sayen alli da kuɗin aljihunsa? Wanda ya rubuta dokar ya rubuta ta da kyau, Allah ya saka masa, amma bai haɗa ta da malami ba. Kuma ku duba yadda irin waɗannan takardu ke tafiyar hawainiya kafin su iso mu: dokar 'yancin yara ta ƙasa tun 2003 take, Jigawa sai 2021 ta yi tata, mu a Kano sai 2023. Yaron da aka haifa shekarar da aka yi ta a Abuja ya isa aure kafin ta iso garinsu.

Duk da haka ba zan ce ban ƙaru ba. Da can in na je wuri da yarinyar, murya ƙasa-ƙasa nake yi, alfarma nake roƙo. Daga ranar bakina ya canza. Na fara gwada shi a ƙaramin asibitinmu, lokacin da ciwon ciki ya kama ta. Ma'aikaciyar ta tambaye ta ina ke ciwo, ta sake tambaya da ƙarfi, ta sake da tsawa, sannan ta jawo takarda za ta rubuta maganin zazzaɓin cizon sauro. Na ce, "Malama, ba ta ji. Ki tambaye ni in tambaye ta, haƙƙinta ne a san abin da ke damunta kafin a ba ta magani." Ta kalle ni sama da ƙasa, amma ta ajiye biron. Na taɓa cikina na ɗaga gira, yarinyar ta nuna ƙasan cibiya, ta yi alamar zafi in za ta yi fitsari. Wani magani daban aka rubuta. A hanyar gida abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wannan maganar hannun tamu ta cikin gida ce, ni da ita muka ƙirƙire ta. Ranar da za ta je awon ciki a ɗakin mijinta, ni ina kabari ko ina wani gari, wa zai tsaya tsakaninta da mai allura?

Ƙanen nawa ne ya kawo zancen makarantar Tudun Maliki a cikin birnin Kano, inda ake koyar da kurame da makafi, har da kwana. Gidan ya ɗauki zafi. Inna ta ce, "Ke 'yar nan, mace ce fa. Ta koyi daka da girki, Allah zai kawo mai rufa mata asiri." Wani ɗan uwan Malam ya ce a ba shi ita ya riƙa zagayawa da ita masallatai ranar Juma'a, ana samu. Ƙanena ya ce dokar nan ta hana yin bara da irinsu. Malam bai jira doka ba, ya nuna wa mutumin ƙofa.

Amma kan makarantar ya yi shiru. Da dare ya ce mini, "Yarinyar da in an cuce ta ba za ta iya faɗa ba, ita zan kai inda idona ba ya kaiwa?" Ban da amsa, domin tsoron da ke cikinsa shi ke cikina. Har yau ina ganin rashin adalci ne a ce yaro mai ji ya yi karatu ya dawo ya ci tuwon uwarsa, kurma kuwa sai ya zaɓa, ko uwa ko allo.

Ranar kasuwa Malam ya kai ɗinkin riga wurin wani tela da aka yaba masa, ashe kurma ne. Ya auna shi, ya rubuta awon a littafi, ya rubuta kuɗi da ranar karɓa, ya cire kafin alƙalami ya nuna masa ragowar. Yaran shago biyu suna ƙarƙashinsa, da hannu yake ba su umarni suna rawar jiki. Malam ya sa aka tambaye shi inda ya yi karatu. Ya jawo littafin ya rubuta: Tudun Maliki.

Malam ya dawo bai ce komai ba sai bayan isha'i. Ya sa na ɗauko takardar gwajin ji daga ƙasan akwati, ya ce wa ƙanena gobe su je sakatariya a yi mata takardar haihuwa, domin a gida na haife ta, ba ta da ko ɗaya. Ya ce bai yi alkawari ba, zai je ne ya ga ɗakin kwanan da matan da ke kula da su da idonsa. Inna tana jin mu daga ɗakinta. Ta ɗaga labule ta ce ba mai fita da jikarta daga gidan nan sai da ita a motar.

Tafiyarmu Kano da Inna, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.