Yaran da ƙidayar makarantu ke tsallakewa

Fom ɗin ƙidayar makarantu na shekara-shekara a Najeriya, hedimasta ne ke cika shi, kuma daga rijistar shiga yake kwafa. Don haka yarinyar da sunanta ke aji huɗu, alhali tun damina take yawon talla, tana nan a lissafi daram. Masu aikin sun koyi cewa sai an shiga aji an ƙirga kawuna, aƙalla sau biyu ba tare da sanarwa ba, ɗaya a ranar kasuwa, sannan a gwada da rijista.

Wannan ma mai sauƙi ne. Almajiri ya fi kowa ɓacewa. Binciken gida-gida irin MICS, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2021, mazauna gida yake tambaya. Yaron da aka kai tsangaya a Kano daga wani ƙauyen Jigawa, mahaifinsa ba zai lissafa shi ba tunda ba nan yake kwana ba. Can kuma a zauren malam yake kwana, su talatin ko fiye, tsangayar ba ta cikin jerin makarantun da ake kai wa fom. Ya faɗi ta tsakiya ke nan. Hanya ɗaya ce: a fara jera tsangayu unguwa-unguwa tare da masu unguwanni, a je da asuba lokacin karatu, kafin yara su watse bara.

'Ya'yan makiyaya kuwa, in aka je ruga da rani, sai a tarar da kufai.

Gurbin naƙasa a fom abin takaici ne ƙwarai. Makaho da gurgu kawai malami yake rubutawa, domin su ido ke gani. Yaron da ke matse ido a bencin baya bai iya hango allo, ko wanda sai an ɗaga murya yake ji, daƙiƙi ake ce masa. A daina tambayar "akwai naƙasasshe?" A tambayi uwa: yana shan wahalar gani, ko ji, ko tafiya? Kaɗan, sosai, ko sam ba ya iyawa?

Sai kuma ma'aunin kansa. Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, kowane kaso a kan hasashe yake tsaye. Kafin a ɗauki adadin yaran da ba sa zuwa makaranta, a duba shekarun da ya rufe. Miliyan 10.5 na UNICEF 'yan shekara 5 zuwa 14 ne, kusan miliyan 20 na UNESCO a 2022 kuma ya kai har 'yan shekara 18.