Neman amfilifayar bes da za ta iya da mai ganga

'Yan uwa masu koyon jitar bes, wannan karon ba maganar yatsu ko atisayen hannun hagu zan yi ba. Hannuna ya ɗan faɗa, har wata ƙungiyar makaɗa ta unguwarmu a nan Kaduna ta yarda in riƙa zama da su a wajen bita, kuma wannan zaman ne ya jefa ni neman amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti. Da yake na san da yawanku kuna tafe zuwa wannan gaɓar, kuma aljihunmu kusan nauyinsa ɗaya, bari in faɗa muku inda na kwana.

Wadda na fara koyo da ita 'yar ƙarama ce mai wat 15 da sifika inci 8. A cikin ɗaki ba ta da laifi ko kaɗan, har yau da ita nake atisayen dare. Amma a ɗakin bita, da mai ganga ya sauke sanda, mai fiyano ya danna, jita ta shigo, sai a neme ta a rasa. Ina ganin yatsuna suna tafiya, ina jin tsirkiya tana kaɗawa a jikina, kunne kuwa shiru. In na murɗe ta har ƙarshe sai sautin ya dagule, sifikar ta kama ɓarɓarniya. Don ɗaki aka yi ta, kuma aikin ɗakin take yi. Daga nan na gane cewa wanda zai zaɓa mini amfilifaya shi ne mai gangarmu, da irin filin da za mu yi wasa a ciki.

Akwai dalilin da ya sa mu 'yan bes muka fi mai jita shan wahala a nan. Tsirkiyarmu mafi kauri, wato E, tana kaɗawa kusan sau 41 ne a daƙiƙa guda, ta jita kuwa sau 82. Mai bes ɗin tsirkiya biyar yana sauka har wajen 31. Sauti mai zurfi haka ba ya fita sai an tura iska mai yawa, kuma tura iska mai yawa na buƙatar faffaɗar sifika, babban akwati da ƙarfin wuta. Ku dubi tambari da kalangu: amon tambari daga faɗin fatarsa da zurfin cikinsa yake fitowa, duk ƙwarewar makaɗi ba zai fitar da shi daga kalangu ba. Shi ya sa mai jitarmu da 'yar amfilifayarsa mai wat 40 yake cika ɗaki, ni kuwa sai na ninka wannan sau huɗu ko biyar kafin a san ina wurin.

Lambar wat ɗin nan ita ce ta fi cin lokacina, don ita mai shago yake fara nuna maka. Abin da na fahimta shi ne, in ka ninka wat sau biyu, ƙarin da za ka samu desibel 3 ne kacal a ma'aunin ƙarar sauti. Kunne yana jin an ƙara, amma ba wani abin a zo a gani ba ne. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai an ninka wat kusan sau goma. Saboda haka kada ka ƙara kuɗi mai yawa don tashi daga wat 100 zuwa 120, ba za ka ji bambanci ba. Tashi daga 25 zuwa 200 kuwa duniya ce daban. Sannan a duba wace irin lamba aka rubuta. Wadda ake dogaro da ita ita ce mai RMS a gefenta, wato ƙarfin da na'urar za ta iya riƙewa a kai a kai. In ka ga ƙaramin akwati mara nauyi an manna masa wat dubu biyu da haruffan PMPO, lambar talla ce kawai, wuce abinka.

Sai maganar ohm, wato ma'aunin turjiyar da sifika take yi wa wuta, wadda da farko na ɗauka ta masu gyara ce kawai. Yawancin amfilifayoyin zamani ba sa ba da cikakken ƙarfinsu sai a ohm 4, alhali sifikar da ke cikin akwatin mai ohm 8 ce. Misali Fender Rumble 200, ita kaɗai wat 140 take bayarwa, sai ka jona mata wani akwatin sifika mai ohm 8 sannan ta kai 200. Babbar yayarta Rumble 500 ita ma 350 ce har sai an ƙara mata akwati. Duk a rubuce yake a takardunsu, mu ne ba ma karantawa. Lissafin mai sauƙi ne: akwati biyu masu ohm 8 in an haɗa su sun zama 4, biyu masu ohm 4 sun zama 2, kuma amfilifayar da aka rubuta mata 4 a matsayin iyaka, in ka kai ta 2 za ta yi zafi ta ɗauke ko ta ƙone. Wannan ya sa na fara duba bayan kowace amfilifaya in ga ko tana da kafar ƙarin sifika, domin ita ce hanyar girma ba tare da sayen sabuwa ba. Ƙarin akwati yana kawo ƙara fiye da yadda lambar wat ɗin za ta nuna, tunda faɗin da ke tura iska ya ninka.

A ganina, kuma wannan ra'ayina ne bayan zagayen da na yi, wat 100 da sifika inci 12 shi ne ƙasan ƙasa ga wanda zai zauna da mai ganga, shi ma in mai gangar yana da sanyin hannu kuma a cikin ɗaki ake. Namu ba shi da sanyin hannu, Allah ya ba shi ƙarfi, kuma yawancin wasanninmu na biki ne a ƙarƙashin rumfa. A fili babu bangon da zai dawo maka da sauti, bes yana watsewa ne kawai. Don haka na sa wa kaina iyaka: wat 200 ko kusa da haka, da sifika ɗaya inci 15 ko biyu masu inci 10.

Waɗanda na samu na taɓa da hannuna, a shaguna da wajen abokai, ba su da yawa. Rumble 100 ta burge ni da rashin nauyi, wajen kilo 10 ce, da hannu ɗaya za ka ɗauke ta ka shiga Keke Napep, sai dai ba ta da kafar ƙarin sifika, inda ka same ta nan za ta tsaya. Ampeg RB-115 mai wat 200 tana da amo mai kauri da na so ƙwarai, kuɗin sabuwarta ne ya fi ƙarfina. Hartke HD150 sautinta a fili yake, kowane bugu yana fitowa da kaifinsa, masu son bugun babban yatsa za su ji daɗinta. Sai kuma tsofaffin Peavey TNT da za ka tarar a majami'u da wajen masu ba da hayar kayan sauti, fentinsu ya koɗe, kusurwoyinsu sun daddauje, amma suna nan suna aiki. Ɗaukar su sai mutum biyu.

Nauyin nan yana da dalili, kuma a nan ne na daɗe ina tunani. Tsofaffin suna da babbar taransifoma a ciki da kayan haɗi manya manya waɗanda mai gyaran rediyo na kasuwa zai iya cirewa ya sa wasu. Sababbin marasa nauyi, waɗanda ake ce wa Class D, ba su da wannan taransifomar, ba sa zafi sosai, ba sa karya ƙugu. Amma in suka lalace, sau da yawa allon cikin gaba ɗaya ake canzawa, kuma samun allon a nan sai an aika Alaba a Legas ko ma waje, a yi ta jira. Wani dattijon mai gyara da na kai wa tambaya bai ce mini in guji sababbin ba. Ya ce in dai zan sayi mara nauyi, to in haɗa kuɗin sitabilaiza a cikin lissafina tun daga farko, kada in ɗauke shi abin da za a saya daga baya.

Maganar wuta ke nan, kuma ina roƙonku kada ku tsallake ta. Wutarmu a Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120. Kayan gwanjo da yawa daga Amurka suke zuwa, kuma galibinsu an yi su ne don wutar can kaɗai. Kafin ka ji sautin amfilifaya ma, juya bayanta ka karanta abin da aka rubuta kusa da inda wayar wuta take shiga. In ka ga 120 ko 110 kawai, to sai da taransifomar rage wuta, kuma dole ta zama mai ƙarfin da ya ɗara abin da amfilifayar take ja. Ƙarin kuɗi ne, ƙarin kaya ne, kuma ranar da wani ɗan taimako ya jona ta kai tsaye a bango a wajen biki, shi ke nan. Wasu suna da ɗan maɓalli na sauya 115 zuwa 230, wasu an rubuta musu 100 zuwa 240, waɗannan babu damuwa. Ni dai na yanke cewa ba zan sayi mai 120 ba ko da an rage mini kuɗi. Sannan ɗabi'ar da shugaban ƙungiyarmu ya koya mini: amfilifaya ita ce ta ƙarshe a kunnawa, ita ce ta farko a kashewa, kuma duk lokacin da za a sauya daga NEPA zuwa janareta a kashe ta tukuna har wutar ta daidaita.

Wani abu kuma da nake nema a bayan amfilifaya shi ne kafa mai ƙusoshi uku da ake kira XLR, wadda take tura sautinka kai tsaye zuwa miksa, wato na'urar da ke haɗa sautin kowa ta tura wa manyan sifikoki. In wurin biki yana da manyan sifikoki, su ne za su kai bes ɗinka ga jama'a, taka amfilifayar ta zama ta kunnenka da na mai ganga. Da wannan kafar, mai wat 100 ma za ta iya fitar da kai kunya a babban taro. Yawanci akwai ɗan maɓalli a gefenta na yanke ƙugin nan da ke tasowa in an haɗa na'urori biyu a wuta daban daban. Ga wanda kuɗinsa bai kai ba sam, akwai hanyar wucin gadi: ɗan akwatin nan na ƙasa irin Behringer BDI21, ka jona bes a ciki, shi kuma ya tafi miksa. Na yi wasanni da irinsa kafin in sayi tawa. Jama'a suna jin ka sarai, amma kai jin kanka ya rataya ne a wuyan mai miksa da sifikar da ya juyo maka da ita, in akwai.

Ga yadda na riƙa gwada na hannu. Ina zuwa da bes ɗina da wayata, don in san duk abin da na ji daga amfilifayar yake. Kafin a kunna, nakan sa yatsu a fuskar sifikar in ɗan tura a hankali, in an iya kaiwa gare ta. In na ji tana gogar wani abu a ciki, ciniki ya ƙare. Nakan sunsuna bayanta ko akwai warin ƙuna. In an kunna, sai in mai da maɓallan gyaran sauti duka tsakiya, in murɗa kowanne in ji ko yana ƙaras ƙaras, sannan in bugi E a sake da ƙarfi in bar ta ta yi ta amo har ta mutu. Daga nan in bi wuyan bes ɗin gida gida, domin wani akwatin a sauti ɗaya tak yake karkarwa. Kada a yi gaggawa. A bar ta a kunne ana bugawa kamar rabin awa, don wata cutar ba ta fitowa sai ta ɗauki zafi. Mafi kyau duka, in mai ita ya yarda, ka ajiye kuɗi ka kai ta wajen bita ta gamu da mai ganga, ko ka gayyato mai ita ya zo da ita ya zauna.

Haka aka yi da wadda na saya. Ta hannu ce, ƙirar Turai mai bolt 230, wat ɗinta ya kusa 200, sifika inci 15, da XLR da kafar ƙarin sifika. Mai ita wani makaɗi ne da ya koma fiyano, shi da kansa ya kawo ta wajen bitarmu. Tana da nauyi, na yarda da wannan, don na fi son abin da za a iya gyara mini a cikin gari. Abin da ya rage a hannuna na sayi sitabilaiza da shi.

Samun ta bai gama aikin ba. Makonnin farko ina ƙara maɓallin sauti mai zurfi don in ji kaina, ɗakin yana girgiza amma ba a gane abin da nake bugawa, ina kuma danne babbar gangar ƙafa. Mai fiyanonmu, wanda ya girme mu duka a harkar, ya ce, “Ƙanena, rage na ƙasan nan, ƙara na tsakiya.” Da na yi haka, ba tare da na taɓa ƙarar gaba ɗaya ba, sai ga kowane bugu ya fito. In kana kai kaɗai sautin tsakiya ba shi da daɗin ji sosai, yana da ɗan hanci, amma a cikin ƙungiya shi ne yake ratsawa. Na kuma janye ta daga lungun ɗaki, don kusurwa tana kumbura sauti mai zurfi, na ɗan kishingiɗa ta tana kallon kunnena maimakon ƙafafuna, na matsa taku biyu uku gaba. Yanzu maɓallin ƙara ko rabi ba ya kaiwa a ɗakin bita, kuma wannan ragowar ƙarfin da ke ajiye shi ne yake sa sauti ya fita tsaf lokacin da waƙa ta yi zafi. Na sayi 'yan robobin toshe kunne ma, tunda wurin tsayuwata dab da kuge yake.

Abin da nake tara wa kuɗi yanzu shi ne akwati na biyu mai ohm 8, saboda wasannin fili na bayan damina. Zan haɗa shi da wayar sifika ta gaske mai kauri, don wayar jita siririya ce a ciki, ba a yi ta don ɗaukar wannan ƙarfin ba, takan yi zafi ta jawo wa amfilifaya matsala. Kafin nan, atisayena ya koma kan abu ɗaya: daidaita yatsana da ƙafar mai ganga, tunda yanzu ana jin duk inda na riga shi ko na makara.