Kiwon ƙwayoyin da ke kashe kansu

Idan 'yan'uwa a gida suka tambaye ni sana'ata, nakan ce kiwo nake yi, kuma gaskiya nake faɗa. Sai dai dabbobina ido ba ya ganinsu, garkensu kuma tanki ne mai cin lita 5 a wani ƙaramin ɗakin gwaji a Ingila, inda mu shida muke aiki. Kamfanonin magani kan kawo mana ƙwayoyin halittarsu, mu gano musu yadda za a kula da su har su ba da antibodi mai yawa, wato furotin ɗin garkuwar jiki da ake haɗa allurar kansa da ta amosanin gaɓɓai da shi.

Ƙwayoyin ana kiransu CHO. A 1957 Theodore Puck ya ɗebo kakanninsu daga mahaifar ƙwan wata macen beran hamsta 'yar asalin ƙasar Sin, zuriyarsu ce kuma ke samar da akasarin irin waɗannan magunguna a yau, har da trastuzumab na kansar mama.

Zubi ɗaya kan ɗauki kwana 12 zuwa 14. Makon farko sai murna, kusan kullum yawansu ninkuwa yake. Daga nan hankali ya fara tashi. Kowace safiya nakan zuƙo ɗan ruwan tanki, in gauraya da wani shuni mai suna tirifan, in duba a madubin likita. Mai rai ba ta shan shunin, tana nan kewayayya tana ƙyalli. Matacciya kuwa ta rine shuɗi shar. Ranar da shuɗayen suka fara yawa, na san lokaci ya fara ƙure mana.

Yawancinsu ba kashe su aka yi ba, su suka kashe kansu. Masana sun raɗa wa abin suna afoftosis tun 1972. Idan abinci ya ja baya, ko dattin laktet da amoniya ya taru, wasu furotin biyu, Bax da Bak, sai su huda mitokondiriya, gidan wutar ƙwayar. Abin da ya tsiyayo daga nan shi ke tada wasu sinadarai da ake kira kasfes, su daddatsa ƙwayar daga ciki. A jikin ɗan Adam wannan rahama ce, da shi yatsun jariri ke rabuwa tun yana ciki, da shi jiki ke kawar da ƙwayar da ta lalace. A tankina kuwa asara ce biyu. Matacciya ba ta ba da komai, in ta fashe kuma ta zubar da kayan cikinta, su lahanta antibodin da aka riga aka tara, su toshe abin tacewa.

Akwai masu bi ta hanyar gado, wato su sauya tsarin halittar da ƙwayar ta gada. Ko a ƙara wa ƙwayar Bcl-2 ko Bcl-xL, masu taka wa mutuwar birki, ko a datse Bax da Bak gaba ɗaya da CRISPR, wata dabarar yanke gadon ƙwaya kamar da almakashi. Yana aiki, na gani da idona. Amma rai daban, aiki daban. Wani kamfani ya taɓa kawo mana irin waɗannan da aka yi wa gyara, rana ta 14 da ƙyar ka ga shuɗiya a madubi, antibodin kuwa bai taka kara ya karya ba. Da muka bincika, sukari ake antaya musu lokaci guda, su kuma su mai da shi laktet, ruwan ya yi tsami. Suna nan da rai, amma a galabaice.

Ba mu taɓa gadonsu ba. Mun koma ba su sukari kaɗan-kaɗan, muka kuma sauke zafin tanki daga digiri 37 zuwa 32 bayan sun gama yaɗuwa. Sanyin kan rage musu hayayyafa, ƙarfinsu ya koma kan yin antibodi. A zubi na uku muka ga bambanci.

Shi ya sa duk wanda ya zo mini da maganar sauya gado, nakan fara tambayarsa me yake ciyar da su, sau nawa kuma a rana. Gyaran abinci aikin makonni ne. Sabon iri kuwa watanni yake ci, in maganin ya riga ya shiga kasuwa kuma sai an sake gamsar da hukumar magunguna cewa bai canza ba.

Yau tanki na uku ke cika kwana 11. Jiya da safe shuɗayen 'yan ƙalilan ne, na bar shi ya ƙara kwana biyu kafin mu kwashe.