Kwandon tumatir da ƙwayar ilektiron

Ƙanena da ke karatun fiziks a Jami'ar Legas da ke Akoka ya kawo mini ziyara Agege ranar Lahadi, muna zaune bayan la'asar ya ce wai ilektiron, wato ƙanƙanuwar ƙwaya mai ɗauke da cajin lantarki da ke cikin kowane abu, ba ta da takamaiman wuri sai an auna ta. Na ce ai wannan tsohon labari ne, domin wanda ya sayi kwandon tumatir a kasuwar Mile 12 bai san halin na ƙasa ba sai ya juye. Ya ce, "Yaya, tumatirinka ya riga ya ruɓe ko yana da kyau, kai ne kawai ba ka gani ba, ilektiron kuwa ba haka take ba."

A nan gizo ke saƙar. Idan aka riƙa harba ilektiron ɗaya bayan ɗaya ta tsaga biyu, irin gwajin da Akira Tonomura da abokan aikinsa suka yi a Japan a 1989, ɗigon da ke taruwa a allo yakan jeru layi-layi, sai ka ce hanyoyin biyu sun yi karo da juna. Da zarar an sa na'urar gano tsagar da ta bi, layukan sai su ɓace. Jahilcin mai kallo ba ya zana layi a allo.

Ƙanena ya ce masanin fiziks Max Born ne ya nuna a 1926 cewa lissafin Schrödinger, wanda ake bayyana halin ilektiron da shi, gwargwadon yiwuwar samun ta a kowane wuri yake bayarwa. Daga baya wani masanin fiziks ɗin, Werner Heisenberg, ya aro tunanin Aristotle, tsohon masanin falsafar Girka, ya ce wannan yiwuwar wani matsayi ne na samuwa, tsakanin abin da ake tunani da abin da ya auku. Da jin haka na tuna karatun tauhidi na zaure, inda ake raba hukuncin hankali zuwa wajibi da mustahili da ja'izi, sai dai ja'izin malamanmu ba a ɗora shi a sikeli, wannan kuwa yana da nauyin da ake lissafawa.

Wani masanin kuma, Hugh Everett, ya zo a 1957 ya ce duk abin da zai yiwu yana aukuwa, kowanne a reshensa na duniya. Ƙanena can ya karkata, domin lissafin ya fi tsafta. Ni ban gamsu ba, saboda idan komai ya auku, ban ga abin da kalmar "wataƙila" ta rage tana nufi ba. Muna cikin wannan gardama aka kira magariba, ya tashi neman danfo kafin cunkoson Oshodi ya rutsa da shi.