Ɗanyen ganye ne ya cinye min rabin litar man almond

Har yau in na buɗe kabad na ga wannan babbar kwalbar sai raina ya sosu, duk da an kusa shekara da yin abin. Rabin lita cif na man almond mai zaƙi, wanda na yi wata biyu ina cire kuɗinsa daga ɗan abin da nake samu na ɗinki, haka na ɗauke shi da hannuna na tuttular a bayan gida.

Bikin autarmu aka sa a watan Nuwamba, ni kuma na ce ba sai an kai ta wajen masu gyaran jiki a yi ta shafa mata abubuwan da ba mu san me aka zuba a ciki ba, ni zan haɗa mata man shafawa da kaina. Dama na jima ina amfani da man almond zallansa, shi ne man da fatata ta yarda da shi, ba shi da nauyi irin na man zaitun, ba shi da ƙamshi mai hawa kai, in ka shafa bayan wanka jiki da ɗan danshi sai ya shige ya bar fata da laushi. A shagunan magungunan musulunci za ka ga an rubuta lauz hulu da larabci a jikin kwalbar, shi ne mai zaƙin. Akwai kuma lauz murr, mai ɗaci, wannan ni ban taɓa kusantarsa ba saboda ƙwayar almond mai ɗaci tana da sinadarin da yake rikiɗewa ya zama guba. Kuma tunda ba a noma almond a nan wajenmu, mafi yawan na duniya ma daga Kalifoniya ta Amurka yake fitowa, kun san dai yadda kuɗinsa yake in dala ta motsa.

Shirina shi ne in jiƙa ganye a cikin man na sati 6 ya tsotse amfaninsa. Na sayo busasshen furen babunaj, wato chamomile da turanci, a kasuwar Kurmi, wannan ba shi da laifi ko kaɗan. Laifin daga zogale da na'a-na'ar da na tsinko a gidanmu ne. A watan Agusta fa, tsakiyar damina, watan da ruwa ya fi sauka a Kano, ko kayan wanki sai su kwana biyu a kan igiya ba su bushe ba. Na wanke ganyen, na baza a faranti a ɗaki, bayan kwana biyu na taɓa na ji ya yi yaushi, launinsa ya ɗan canja, sai na ce ai ya bushe. Bai bushe ba wallahi, yaushi kawai ya yi. Yaushi daban, bushewa daban, wannan bambancin ne ya ci min kuɗina.

Na zuba komai a kwalba ɗaya, na juye man duka a kai, ko cokali ɗaya ban rage ba. Wannan ma yana cikin abin da yake ƙona min rai, da rabi na zuba da yanzu ba wannan labarin nake bayarwa ba.

Satin farko man ya yi kore shar, ina ta murna ina nuna wa duk wanda ya shigo. Wajen kwana na 10 na ɗaga kwalbar a hasken taga sai na ga man ya daina sheƙi, ya yi hazo-hazo, a can ƙasa kuma ga wasu 'yan ƙananan ɗigo sun taru kamar ƙwai, ashe ruwan cikin ganyen ne ya fito ya kwanta tunda ruwa ya fi mai nauyi. A sama kuma inda wasu ganyayyaki suka taso suka leƙo waje ga wani farin abu kamar auduga. Fumfuna ce. Da na buɗe murfin sai da ya yi ɗan huci, warin da ya bugo ni kuwa kamar na ganyen da ya ruɓe a kwata.

Na kai wa Umma ina cewa ko in tace shi da ƙyalle in ɗora a wuta ya dawo. Ta karɓa ta sunsuna sau ɗaya ta miƙo min, ta ce "Ke ko kuka ce kika daka ba ta bushe ba ai kin san abin da za ki tarar a gwangwani. Zubar da shi, ba za a shafa wa yarinya wannan ba." Na ce "Umma kuɗin fa?" ta ce "Kuɗin ya riga ya tafi, kar ki haɗa da fatar 'yar'uwarki."

Ban ji maganarta nan take ba, gaskiya zan faɗa. Na tace kaɗan a ɓoye na shafa a cikin damtsena in gani, kafin la'asar wajen ya yi ja yana ƙaiƙayi, washegari ƙananan ƙuraje suka feso, sai da na yi kusan sati ina fama. Man da na shekara ina shafawa bai taɓa yi min haka ba, don haka na san ba almond ɗin ba ne, abin da ya tsiro a ciki ne. Tacewa tana cire abin da ido yake gani ne kawai. Na tuna da fuskar amarya na nufa da shi, jikina ya yi sanyi, ranar na zubar.

Bikin dai da man kaɗanya da zallan man almond ƙaramar kwalba muka yi shi, kuma fatarta ta yi kyau alhamdulillahi.

Sai da hunturu ya shigo sosai a Disamba na sake gwadawa, wannan karon da mililita 100 kawai. Cikin kwana 3 zogalen da na shanya a inuwa ya bushe ƙayau, in ka murza shi a tafin hannu sai ya zama gari, ɗan karan jikinsa kuma ya karye ƙas. In ya lanƙwashe bai karye ba to da saura, ku ƙara masa kwanaki, don Allah kar ku yi gaggawar da na yi. Kwalbar ma na wanke ta da ruwan zafi na kife ta yini guda har da murfin, don ɗigo ɗaya da ya maƙale a murfi ya isa ya maimaita min abin da ya faru. Ganye ya tsaya a rabin kwalba, mai ya haye kansa da kamar faɗin yatsa biyu, kullum in na girgiza sai na duba ko akwai wanda ya leƙo sama in danna shi da busasshen cokali. A cikin kabad na ajiye, ban sa a rana ba, saboda zafi da haske suna sa man almond ya tsufa da wuri ya fara warin tsohuwar gyaɗa, dama shi ko ba a taɓa shi ba bai cika wuce shekara guda da kyansa ba.

Bayan sati 6 na tace da farin ƙyalle, man ya fito garau, kore mai haske, ƙamshin babunaj kaɗan-kaɗan. Na fasa ƙwayar bitamin E guda biyu a ciki don ya jinkirta tsufan man, amma ku sani ba ya hana fumfuna, bushewar ganye ce kaɗai take hanawa. Na gwada a damtse na jira awa 24 kafin na kai shi fuska, kuma duk wadda ta ce in ɗiba mata sai na fara tambayarta ko jikinta yana rikicewa in ta ci almond ko danginsa, in ta ce eh ba na bayarwa.

Na narkar da man kaɗanya na haɗa da rabin man da na tace don kaushi da faso, Umma ce ma ta fi ni amfani da shi, duk dare sai ta shafa a dunduniya ta sa safa. Yanzu haka akwai zogale da na'a-na'a da na shanya tun hunturun na ɗaure a busasshiyar kwalba, su zan jiƙa in damina ta zo, babbar kwalbar nan kuwa na mayar da ita ta ajiyar maɓallai da zare.