Bayan Ƙwallo Uku Sun Zauna a Hannu: Darussan Koyon Manyan Salon Cilla-Cafe

Wanda ya kai ga riƙe ƙwallo uku a iska na tsawon minti ɗaya yakan ɗauka abin da ya rage masa shi ne saurin hannu. Wannan zaton shi ke tsayar da masu koyo wata da watanni a wuri guda. Manyan salo ba su fi salon asali sauri ba, wasunsu ma sun fi shi jinkiri. Abin da suke nema shi ne kowane jifa ya tashi da tsayinsa, ya sauka a wurinsa, a kan lokacinsa. 'Yan matan da ke carafke a ƙofar gida sun san haka tun da daɗewa: in dutsen sama ya tashi daidai, hannu zai kwashi na ƙasa a natse, in ya karkace, ba saurin da zai ceto wasan.

Kafin a shiga salo, a gyara kayan aiki. Ƙwallon da ta dace nauyinta tsakanin giram 110 ne zuwa 130, faɗinta kusan santimita 7, kuma ba ta tsalle ba ta gangarawa in ta faɗi. Masu yin irinta a ƙasashen waje gero suke ɗura mata, to mu a Kano ba mu da uzuri. Tiya ɗaya ta gero daga Dawanau ko daga mai awo na unguwa ta fi ƙarfin ƙwallo goma. A samo ƙyalle mai kauri a Kantin Kwari, ko fata mai laushi a Kurmi, tela ya yanka gida huɗu kamar ɓarin ɓawon lemo, ya ɗinke ya bar ƙofa. A ɗan soya geron a busasshen kasko don ƙwari, ya huce, a auna a sikeli, a ɗura. Kada a cika ta tam. In ta yi tauri sai ta riƙa tsalle daga tafin hannu. Ƙwallon tanis yadda take ba ta yi ba, don nauyinta bai kai giram 60 ba, sai dai a tsaga ta a ƙara gero a liƙe. Abu biyu ba a sassauci a kansu: nauyin ukun ya zama ɗaya, launinsu kuma ya bambanta. Amfanin launin zai fito a gaba.

Salon asali, wanda 'yan wasa ke kira kaskad, shi ne wanda kowace ƙwallo ke tashi daga ciki ta gitta zuwa ɗaya hannun. A ganina bai kamata a wuce shi ba sai mutum yana cafewa ɗari ƙafarsa ba ta motsa ba, yana yin na baibai, wato jifa daga waje ta saman sauran, sau talatin, kuma yana juya ƙwallo biyu a hannu ɗaya sau ashirin, dama da hagu duka. Na hagun nan ne ake gudu, kuma shi ne bashin da kowane babban salo zai zo ya karɓa.

Darasin da ya fi buɗe ido shi ne na lambobi. A shekarun 1980 wasu masu wasan a Kalifoniya ta Amurka da wasu a Kambirij ta Ingila, kowa da kansa, suka fito da hanyar rubuta salo da lamba, ana kiranta saitswap. Ka ɗauka hannuwa suna jifa bi da bi kamar bugun kalangu: dama, hagu, dama, hagu. Lambar kowane jifa ita ce yawan bugun da za a yi kafin a sake jefa wannan ƙwallon. Lamba mara, irin su 1 da 3 da 5, tana gittawa zuwa ɗaya hannun. Lamba cika, irin su 4, tana komawa hannun da ya jefa ta. Lamba 2 riƙewa ce kawai, 1 miƙawa ce kai tsaye daga hannu zuwa hannu, 0 kuwa hannu ne wayam. Kaskad 3 ne zalla. Zagaye, wanda ƙwallaye ke bin juna ta gefe ɗaya, 51 ne, wato jifan 5 sannan 1, ana ta maimaitawa.

Akwai gwaji guda biyu masu sauƙi na gane ko jerin lambobi zai yi salo: na lissafi, da na duba bugun da kowane jifa zai sauka. In ka tara lambobin ka raba da yawansu, dole amsar ta zama yawan ƙwallaye: 4 da 4 da 1 tara ne, a raba uku, uku. Amma wannan bai isa ba. Dubi 432: lissafinsa uku ne, sai dai jifan farko zai dawo a bugu na huɗu, na biyu da aka yi bayan bugu ɗaya shi ma a na huɗu, na uku ma haka. Ƙwallo uku a hannu ɗaya lokaci guda, ba mai iya wannan. Juya shi ya koma 423, nan da nan ya zama salo mai daɗi, inda ƙwallo biyu kowace ke zaune a hannunta, ɗaya tana kai da komo. Manhajar Juggling Lab ta kyauta tana zana kowane salo a kwamfuta in ka rubuta mata lambobin, ka rage saurinsa ka kalla.

Daga lamba sai tsayi, kuma a nan ne hankali ke yaudarar mutum. Ƙwallon da ta tashi santimita 50 sama da hannu tana yin kusan kashi biyu cikin uku na daƙiƙa a iska. In ta tashi mita ɗaya, daƙiƙa 0.9. In mita biyu, kusan 1.3. Wato kafin lokaci ya ninka biyu, sai tsayi ya ninka huɗu. Saboda haka jifan 4 ya ɗan fi ninki biyu na tsayin 3, jifan 5 kuma kusan ninki huɗu ne, wani lokaci ma fiye. Mai koyo yakan ɗaga 5 ɗinsa kaɗan sama da 3, ta dawo masa da wuri, hannun bai shirya ba, sai ya ce salon ya yi masa sauri. Salon bai yi sauri ba, jifan ne gajere. Wata matsalar kuma, tsayi yana faɗaɗa kuskure. Karkatar digiri 3 a jifa mai santimita 40 tana kauce wa hannu da kusan santimita 8, tafi zai kama. Wannan karkatar a jifa mai santimita 160 ta wuce santimita 30, sai an miƙa hannu, in an miƙa kuma jifa na gaba ya lalace.

Shi ya sa 441 ya fi dacewa da fara wannan hanya. Dama ta jefa 4 a tsaye a gefenta, hagu ta jefa 4 a nata gefen, dama ta miƙa wadda ta rage zuwa hagu. Sai zagaye na gaba ya fara daga hagu. Kada a nemi yin sa a jere tun farko. A yi kaskad, a saka 441 sau ɗaya, a koma kaskad, sannan a sake sakawa daga ɗaya hannun. Wuraren da yake lalacewa sanannu ne. Jifan 4 na biyu yakan gaza na farko tsayi, domin hankali ya riga ya tafi kan miƙawar. Ita miƙawar kuma akan cilla ta sama-sama kamar ƙaramin 3, ko a jinkirta ta har sai 4 na farko ya fara saukowa. Maganinta a tura ta a kwance, daidai cibiya, da ɗan ƙarfi, hannun da zai karɓa a buɗe yana kallon ciki, har a ji ƙararta a tafi.

Shi kuwa 531 abin sha'awarsa shi ne ana cafewa a juye: wadda aka miƙa ƙarshe ita ke fara isa, sai ta 3, sai ta 5. Babban cikas ɗinsa hannun da ke jefa 3 yana kwaikwayon wanda ya jefa 5, ya ɗaga ta fiye da kima, su yi karo ko su sauko tare. A fara rage kaskad zuwa kamar santimita 30, don 5 ta tsaya a kusan 120. Ko da haka, in ka haɗa da tsayin hannunka daga ƙasa, ta wuce mita biyu, wato dai yankin fankar silin a yawancin ɗakunanmu. A kashe fanka, ko a fita tsakar gida.

Akwati salo ne na daban, don hannu biyu ke jifa lokaci guda: ɗaya ya tura ƙwallo sama a tsaye, ɗayan ya harbo tasa a kwance zuwa hannun da ya zama wayam, sannan a juya. Ƙwallo biyu na hawa da sauka a gefe, ta uku na zirga-zirga a ƙasa. Wanda bai iya zagaye ta dama da ta hagu ba kada ya taɓa shi tukuna. Ana koyon sa da ƙwallo biyu har jifan sama da na kwance su fita da sauti ɗaya. Na gefen sukan karkato ciki domin hannun yana gaggawar komawa tarar ta kwance. A gama sakin ta sama tukuna, tafi na kallon silin.

Sai salon da kowa ke mafarkinsa, Mills Mess, wanda ya samo suna daga Steve Mills, Ba'amurken da ya fito da shi a shekarun 1970. A lamba 3 ne kawai, daidai da kaskad. Duk rikicinsa a gitta hannu yake. Ga yadda yake tafiya. Hannun dama na bisa na hagu a gicciye, wato daman yana ɓangaren hagu. Daman ya jefa daga can zuwa tsakiya. Ana warware hannu, hagun ya dawo ɓangarensa ya jefa, shi ma zuwa dama. Sai a sake gittawa, yanzu hagu a sama, daman ya shiga ta ƙarƙashi ya jefa na uku, nan ma daga ɓangaren hagu. Jifa uku ke nan daga gefe ɗaya. Yanzu hagun yana sama a ɓangaren dama, sai ya fara irin wannan ukun daga can.

A nan launi ke aiki. In ana yin salon daidai, kowace ƙwallo aikinta ɗaya ne har abada: ja ita ce kullum ta jifan sama, fara ta jifan warwarewa, baƙa ta jifan ƙarƙashi. Da zarar ka ga ja ta koma ƙarƙashi, ka san an tsallake mataki, kuma ka san wanne. A fara da ƙwallo biyu, jifan sama da na warwarewa, a cafe a gicciye ta ɗaya fuskar, a yi ta yi har gittawar ta daina neman tunani. Sannan a ƙara ta uku, a yi jifa uku a tsaya, sai shida a tsaya. Jifan ƙarƙashi shi ne mai ba da wahala. Yakan fita gaba ko ya yi ƙasa, saboda hannun bai shiga sosai ba kuma na sama ya danne shi. A gitta daga dantse, ba daga wuyan hannu ba, a ɗan ɗaga na saman ya ba da hanya, a jefa kusan a tsaye. Masu koyo da yawa suna kuma ƙoƙarin kaɗa jiki don ya yi kama da na ƙwararru. Kaɗawar tana zuwa da kanta in jifa ya daidaita. Wanda ya fara da ita kafaɗarsa ce za ta gaji.

Wani darasi da ya shafi dukkan salon nan shi ne karanta faɗuwa. Ƙwallon da ta suɓuce yawanci ba ita ce mai laifi ba. A koma baya jifa ɗaya ko biyu: can ne aka yi gajeren jifa, ko aka miƙa hannu aka bar wurin zama. Waya a jingine a kan kujera tana ɗaukar bidiyo daga gaba da kuma daga gefe ta fi ido gane wannan. Ta gefe ce ke nuna ƙwallaye suna fita gaba, abin da ke sa mutum bin su da ƙafa. Tsayawa gab da bango, kamar taku ɗaya, yana gyara shi. Ido ya tsaya a ƙololuwar jifa, ba a hannu ba. Gwiwar hannu kusa da haƙarƙari, cafewa daidai ƙugu, a bar ƙwallo ta sauko, kada a tare ta a sama, don tarewar tana cinye lokacin jifa na gaba.

Minti ashirin kullum ya fi awa uku ranar Lahadi, kuma in hannu ya gaji kuskure yake haddacewa. Hagu ta samu ninki biyu na abin da dama ta samu, bahago kuma ya juya lissafin. Yanayin garinmu ma yana da nasa hukunci. A hunturu tafi na bushewa, ƙwallon fata ta riƙa santsi, iska kuma ta kwashe jifan 5 in a fili ake. Zaure ko lungun da ke da kariya ya fi. A bazara gumi ke jiƙa ƙyalle, sai a yi da sassafe ko bayan la'asar, a shanya ƙwallayen in an gama. A damina kada a bar su a ƙasa mai danshi, gero na kumbura ya yi fumfuna, nauyin kuma ya canza.

In salo ya zauna, sai a koyi shiga da fita, don shi ne ke haɗa su su zama wasa ɗaya. Da 441 da 531 da 423 duk ana shigarsu kai tsaye daga kaskad, a fita kai tsaye. Zagaye kuwa sai da gada: a jefa 4 guda ɗaya, ɗaya hannun ya fara 5, a ci gaba da 51. Wajen fita, bayan miƙawar ƙarshe hannun da ke jefa 5 ya riƙe ƙwallonsa bugu ɗaya, wato 2, sannan ɗayan ya dawo da 3.