Agwagwa mai farin ido, da tafin da na hana a yi

Asabar da dare. Littafin fili, inda nake rubuta tsuntsayen da muka gani, na buɗe a gabana tun ɗazu, layi ɗaya ya hana ni rufe shi: "Agwagwa mai farin ido, toro, 1. Ba a ga fiffike ba."

Ƙarfe 6:20 muka isa tafki, ni da Kawu da Auta. Gaɓar gabas muka bi kamar kullum, don rana ta fito ta bayanmu. Wanda ya tsaya a gaɓar yamma da safe ba abin da zai gani sai baƙaƙen inuwoyi a kan ruwa mai ƙyalli, launi ba ya fita. Hazo da sauƙi yau, iska ma ta kwanta. Zakarun ƙeƙuwa biyu suka hango mu tun muna kan tudu, suka dinga tsala ihu. Sai muka gangara ƙasan tudun muka zauna minti goma har suka gaji. Muddin suna wannan kuka, duk abin da ke bakin ruwa wuyansa a miƙe yake.

Ƙidaya tukuna, kafin neman baƙo. Kirinjijiya 140. Dinya 6, can kan tsibirin laka. Zalɓe 3, jinjimi 11. Agwagin nan masu farar gira da ke zuwa daga Turai da Asiya, Spatula querquedula, ni na samu 310, Kawu ya samu 330, muka rubuta 320. Garke irin wannan ba a bin sa ɗaya bayan ɗaya. A ƙirga goma tsaf, a riƙe faɗin da suka ci a ido, a dinga aza wannan faɗin a kan sauran, sannan a sake farowa daga ɗaya ƙarshen. In lissafin biyu ya yi nisa da juna, yawanci tsakiyar garken ce ta fi gefen da aka fara aunawa cunkoso. Torayen sun soma fitar da girar. Ta wasu ta kai har ƙeya, wasu kuwa har yanzu sai an duba da kyau a raba su da matan.

Ƙarfe 7:40 Auta, wanda ke kan babban madubin hangen nesa, ya ce ƙasa-ƙasa, "Yaya, zo ka ga wani abu."

A gefen bado yake, ya ware daga garken, kimanin mita 150 daga inda muke. Barci yake yi, ya cusa baki cikin gashin bayansa. Jikinsa ja ne mai duhu, kamar jar ƙasa bayan ruwan sama, gadon bayan ya fi duhu. Ƙarƙashin bindi fari fat, kamar an shafa alli.

Wannan farin shi ya tsayar da Auta, kuma ya yi daidai da ya tsaya. Amma fari a ƙarƙashin bindi shi kaɗai ba ya yanke magana. Kazar ruwa tana da shi, sai dai nata a gefe biyu yake da baƙi a tsakiya, ga jan goshi, ga kaɗa kai in tana iyo. Ɗan ƙaramin mai nutson nan, Tachybaptus ruficollis, shi ma bayansa haske ne bus-bus, amma girmansa bai kai ko kusa ba. Wadda ta fi rikita mutane ita ce macen agwagwa mai tukku, Aythya fuligula, don wasunsu suna nuna fari a wurin. Nata farin bai cika tsabta ba, idonta rawaya ne, kuma akwai ɗan tudun tukku a ƙeya. Mai farin ido, Aythya nyroca, tsawonsa wajen santimita 40, kansa mai tsini ne a tsakiya ba tukku, idon toron fari ne, na macen ruwan ƙasa. Bakinsa ruwan toka, baƙin bai wuce ɗan farcen da ke ƙarshen baki ba. In ya buɗe fiffike, akwai farin layi mai faɗi da ke tafiya kusan har ƙarshensa. Baki da fiffike su ne ke raba shi da ruwa-biyu, domin irin waɗannan agwagi masu nutso suna barbarar juna, kuma ɗan da aka samu yakan fito da jan jiki da farin bindi, amma da toka-toka a gadon baya, baƙi mai yawa a ƙarshen baki, layin fiffiken kuma ya dushe.

To ga shi yana barci. Ba ido, ba baki, ba fiffike.

Minti ashirin muka yi muna karɓa-karɓa a kan madubin. Sai Auta ya ce, "Yaya, ka saita kyamara a kansa. Tafi ɗaya zan yi. Zai tashi, mu ga fiffike, shi ke nan."

Na ce a'a.

Ya ce, "Ai dawowa za su yi."

Na ce ba shi kaɗai zai tashi ba, agwagwa 320 da kirinjijiya 140 za su tashi tare da shi. Kuma ba hutun banza suke yi ba. Masu farar gira sun fi kiwo da dare da asuba, da rana suke barci da gyaran gashi. Nan da makonni kaɗan za su ɗauki hanyar arewa, su ƙetare Sahara, fiye da kilomita 1,500 da ba wani ruwan da za a dogara da shi, kuma kitsen da suke tarawa yanzu shi ne guzurin. Tashi sama na cin ƙarfin agwagwa ninkin-ba-ninkin abin da zama a kan ruwa ke ci. Garken da aka firgita ba ya sauka nan take, sai ya zaga tafkin sau uku sau huɗu, in ya sauka ma can tsakiya zai sauka inda ba abinci, ya ɗauki lokaci da wuya a miƙe kafin ya koma barci.

Nan Kawu ya sa baki, kuma maganarsa ce ta hana ni sakat har yanzu. Bai ɗaga ido daga madubinsa ba ya ce, "Ɗana, ka dubi bakin mashigin can. Masu kwalekwale na kwance igiya. Da tafi da ba tafi, kafin ƙarfe tara sai sun tashi. Bambancin kawai, in yaron nan ya tafa muna shirye."

Na ce, "Kawu, gaskiyarku ne, za su tashi. Amma in mun tashe su yanzu, kwalekwale ya sake tashinsu anjima, sau biyu ke nan."

Ya ce, "Sau biyun zai kashe su?"

Ba zai kashe su ba. Ba ni da bakin cewa zai kashe su, ban kuma faɗa ba. Abin da na ce shi ne masunci sana'arsa ta kai shi cikin ruwa, hanyarsa ɗaya ce, lokacinsa sananne, tsuntsayen ma sun saba da shi har sukan matsa da iyo kawai in ya biyo a hankali. Mu kuwa kallo muka zo. Kuma labarin baƙon tsuntsu ba ya ɓuya: gobe wasu za su zo, jibi wasu, kowa na son hoton fiffike, kowa tafi ɗaya kacal zai yi. Mai farin ido tsuntsu ne mai son ruwa mai ciyawa da natsuwa. In aka matsa masa, cikin dare zai bar tafkin. Kawu ya ce, "To, Allah ya sa ya farka," ya ci gaba da duban zalɓensa. Bai yarda ba, ya dai bar ni.

Akwai hanyar ganin fiffike ba tare da tashin kowa ba, ita na dogara da ita. Agwagwa in ta farka takan yi wanka, ta tsoma kai ta watsa ruwa a baya, ta ɗebo mai da baki daga gindin bindi ta shafe gashi, wani lokaci ta mirgina gefe har farin ciki ya fito. A ƙarshe sai ta miƙe a kan ruwa ta kaɗa fukafukai na daƙiƙa biyu ko uku. Ido ba ya kama komai a wannan ɗan lokaci, don haka ba hoto ake ɗauka ba, bidiyo ake sakawa tun daga fara wankan, waya manne da bakin madubi, daga baya a bi shi a tsayar a inda fiffiken ya buɗe. Madubin kuma a bar shi a ninki 30. Auta ya yi ta murza shi zuwa 60, ni kuma ina mayarwa. Da rana ta ɗaga, iskar da ke kan ruwa takan fara rawa kamar kawalwalniya, kuma duk yadda aka ƙara girman hoto ita ma rawar ƙaruwa take yi, haske ya ragu, tsuntsu ya fice daga da'irar da motsi kaɗan.

Ƙarfe 8:25 ya zaro kai. Ido fari tas, mu ukun duk mun gani, ba gardama. Kan mai tsini a tsaka, ba tukku. Baki kuwa ya juya mana ƙeya kafin in tantance iyakar baƙin. Bai yi wanka ba. Nutso ya yi, ya ɓullo, ya sake nutsewa, na uku ya ɓullo cikin bado inda ganye ya rufe rabin jikinsa. Bidiyon da muka samu na daƙiƙa 40 ne, jan abu mai rawa da ɗigon fari a baya. Idon bai fito a ciki ba.

Ƙarfe 8:50 kwalekwale ya shigo. Masu farar gira suka yi sama tsaye kamar yadda suka saba, kirinjijiya na fito, ruwa ya yamutse. A cikin tsuntsu fiye da ɗari huɗu ba wanda ya iya ɗora madubi a kan guda ɗaya da ya fito daga cikin ciyawa. Kawu ya ce ya ga kamar farin layi a gefen hagu, amma ba zai rantse ba. Da suka sauka muka bi garken sau uku, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Babu shi.

Auta bai ce komai ba sai da yana naɗe ƙafafun madubi. "Yaya, ni na gano shi." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Shi ya gano shi kuwa, tsuntsunsa na farko da ba a saba gani a nan ba, kuma ni na hana shi shaidar da za ta tsaya masa. Da za a mayar da safiyar, hanawa zan sake yi, amma fuskarsa ta tsaya min a rai.

Na shigar da shi a eBird, shafin intanet da masu kallon tsuntsaye ke shigar da abin da suka gani, da sunan Auta a matsayin wanda ya fara gani. Irin wannan rahoto masu tantancewa sukan tare shi su nemi bayani, kuma daidai ne. Tsuntsu ne da ke hayayyafa daga gabashin Turai zuwa tsakiyar Asiya, wasu su yi hunturu a yankin Sahel, a wurare irin su fadamun kogin Neja a Mali da Tafkin Chadi, kuma IUCN, ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya, ta sa shi cikin waɗanda ke dab da shiga barazana. Ƙidayar tsuntsayen ruwa da ake yi a duniya kowane Janairu tun 1967 da irin waɗannan layuka na littafin fili ake gina ta, layin da aka ƙawata kuwa ɓarna yake yi. Na rubuta nisa, lokaci, inda rana take, ninkin madubi, mutum nawa suka gani, abin da aka gani, da abin da ba a gani ba: ƙarshen baki da fiffike. Na haɗa bidiyon duk da rawarsa. Zanen da na yi a littafi tun muna wurin, kafin mu buɗe littafin tantance tsuntsaye, shi ma na ɗauki hotonsa na haɗa. Zane kafin duba littafi ya fi, don in an riga an ga hoton littafi ido yakan ƙara abin da bai gani ba.

A dawowa, filayen fadama. Tsuntsayen bakin ruwan nan masu dogayen ƙafafu, Calidris pugnax, wajen 60 a gonar da ruwa ya kwanta, mazan sun ɗara matan girma ƙwarai har sai a ɗauka iri biyu ne. Ƴan rawayen nan masu kaɗa bindi na bin ƙafafun shanu suna cafke ƙwari. Shirwa biyu. Cilakowa a kan ƙirya. Gauraka ko ɗaya, yau ma.

Gobe 6:00. Za mu zauna kudu da inda muka zauna yau, wajen da bado ke fuskantarmu kai tsaye, nisan zai ragu zuwa kamar mita 100 ba tare da mun fito fili ba. Waya cike da caji, maƙalinta ɗaure a bakin madubi tun daga gida. Auta ne zai zauna a kan madubin. Na tura masa saƙo, ya karanta, bai amsa ba tukuna.